Tambaya da Amsa: Tsohon Babur ɗin BMW da Iska ke Sanyaya Injinsa

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga babur guda, wato tsohon BMW na ƙasar Jamus wanda silindodinsa biyu suke leƙowa ta gefe da gefe, wanda kamfanin ya riƙa ƙerawa a kan tsarin inji ɗaya daga 1969 har zuwa 1996. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin, kuma na ba wasu amsoshin fili fiye da wasu gwargwadon nauyin maganar.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hoton wani tsohon babur da aka rubuta R100RT a jikinsa, silindodinsa biyu sun fito waje, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma babu lagireto. An ce mini da irinsa Turawa suke ratsa ƙasashe. Ta yaya babban inji irin wannan yake wuni yana gudu ba tare da ruwa ba, kuma zai jure zafin rana irin namu? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fitowar silindodin nan waje ita ce amsar tambayarka ta farko, domin ba don ado aka fito da su ba. A wannan inji silindodin suna kwance ne, kowace ta nufi waje, kiranshaf, wato sandar da fistin suke juyawa, yana tsakaninsu. Fistin biyun suna fita tare suna komowa tare, kamar hannuwan mai tafi, sai dai ba tare suke cin wuta ba: ɗaya ya ci a wannan zagaye, ɗayan ya ci a zagaye na gaba. Da yake nauyin kowane fistin yana kashe jijjigar ɗan'uwansa, injin yakan kwanta lafiya idan babur ya miƙe hanya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi sa'o'i shida ko bakwai a zaune a kansa. Akwai 'yar girgiza da ta rage, saboda silinda ɗaya tana ɗan gaba da ɗayar, tunda sandunan fistin biyu ba za su zauna a gurbi ɗaya a kan kiranshaf ba.

Tsarin ya girmi babur ɗin da ka gani da fiye da shekaru 50. BMW tun asali kamfanin injin jirgin sama ne a birnin Munik, amma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta toshe wa Jamus wannan hanya, kamfanin ya nemi abin da zai ƙera. A 1923 injiniyansa Max Friz ya fito da babur R32, mai 494 cc da ƙarfin doki 8.5. Kafin nan akwai babura masu irin wannan inji, kamar Douglas na Ingila, amma suna shimfiɗa shi ne a tsawon babur, silinda ɗaya gaba ɗaya baya, sai ta bayan ta riƙa ɗaukar zafi domin iska ba ta isa gare ta sosai. Friz ya gicciye injin yadda silindodin biyu za su sha iska daidai wa daida, kuma kusan duk abin da za a faɗa a kan wannan babur daga wannan shawara ya samo asali.

Kan silinda na alminiyam ne, kewaye da siraran fikafikai waɗanda aikinsu shi ne ƙara faɗin wurin da iska za ta taɓa ta kwashi zafi. An sa bawul ɗin hayaƙi da bakin salansa ta gaba, inda iska take fara duka, domin nan ne ya fi ko'ina zafi, aka sa kafireta ta baya inda take samun kariya. Baƙin mai ma yana da nasa rabon a aikin, domin yana kwasar zafi daga fistin da kan silinda ya sauko da shi ƙasan inji, shi ya sa aka ƙara wa wasu samfuran R100RS da R100RT ɗan ƙaramin lagireto na mai, ba na ruwa ba.

Game da zafin ranarmu, a Sakkwato a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma mutum yana jin haka a jikinsa. Amma kan silinda da ke aiki yakan haura digiri 150, don haka iskar da take gasa fuskar mahayi har yanzu mai sanyi ce a wurin ƙarfen. Abin da injin ya fi buƙata shi ne iskar ta riƙa wucewa da gudu. Tsofaffin makanikanmu da suka yi aiki a kan Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, sun san inji mai kwantattun silindodi da iska ke sanyayawa, sai dai ita Beetle tana da fanka da bel ke juyawa, tana hura wa injin iska ko da motar tana tsaye. Wannan babur ba shi da fanka ko kaɗan. Idan yana tafiya a kilomita 90 ko 100 a sa'a tsakanin gari da gari, ba ni da fargaba a kansa ko da tsakar rana. Idan kuwa ya maƙale a cunkoso yana sulo na tsawon lokaci, zafi yana taruwa, mai yana tsinkewa, kuma abin da ya dace shi ne a kashe shi har hanya ta buɗe. Sauran abubuwan da ke sa shi zafi laifin mai babur ne: fetur ya yi wa iska kaɗan a kafireta, ko saitin wuta ya goce, ko laka ta bushe a tsakanin fikafikan silinda, ko an zuba masa mai marar kauri maimakon 20W-50 da aka saba ba shi a ƙasashe masu zafi.

Tsarin yana da nasa farashin. Babur ɗin yana da faɗi a ƙasa, ƙafafun mahayi suna bayan silindodi suna shan hucinsu, kuma idan ya faɗi murfin bawul ne yake fara taɓa ƙasa, shi ya sa masu shi da yawa suke sa masa ƙarfen kariya. A ɗaya ɓangaren nauyin injin yana ƙasa ƙasa, don haka babur mai kusan kilo 230 ba ya rinjayar mutum yadda lissafin yake nunawa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin injiniya. Na lura wannan babur ba shi da sarƙa. Ta ina ƙarfin inji yake kaiwa ga tayar baya, kuma in har hanyar ta fi sarƙa kyau, me ya hana sauran kamfanoni bin ta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, idan kika tsaya a gefen babur ɗin kika bi ƙarfin da ido daga gaba zuwa baya, za ki ga tsarin mota ne aka ƙanƙance. Da yake an gicciye silindodin, kiranshaf ya kwanta a tsawon babur, yana juyawa a layi ɗaya da tafiya. A bayansa akwai filawil, sai kuloci mai faifai ɗaya busasshe, irin na mota, wanda ba ya wanka cikin mai kamar na yawancin babura. Daga nan sai akwatin giya, wanda gida ne mai zaman kansa da aka ɗaure a bayan inji. Daga giya ƙarfi yana shiga wani mahaɗi mai lanƙwasawa, ya bi farfela da ke ɓoye a cikin hannun dama na ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ya isa wasu haƙora biyu da ke cikin rufaffen gida a jikin taya. A nan kaɗai juyin yake karya kwana ta digiri 90. Babur da kiranshaf ɗinsa yake a gicciye, kamar yawancin na Japan, idan ana so a sa masa farfela sai an karya kwanar sau biyu, kuma kowace karyawa tana cin ƙarfi tana ƙara nauyi, alhali sarƙa ta dace da shi kai tsaye. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa farfela ta fi yawa a baburan da kiranshaf ɗinsu yake kwance a tsawon babur, irin su Moto Guzzi V7 na Italiya da ya fito a 1967, da Honda Gold Wing na tsakiyar shekarun 1970.

Amfanin farfela ga matafiyi a fili yake. Sarƙa tana buɗe ga ƙura da yashi da ruwa, tana saki, tana buƙatar mai da ɗauri a kai a kai, kuma a hanya mai yashi man da aka shafa mata shi ne yake kama yashin ya cinye haƙoranta. Farfela a rufe take, abin da take nema shi ne a canza mata man giya a kan lokaci. Amma ta fi sarƙa nauyi da tsada, tana cin ƙarfi fiye da sarƙa mai tsabta, nauyin gidan haƙoran yana kan taya inda yake wahalar da shokozoba, kuma ba a iya sauya yanayin gudun babur da araha yadda ake yi idan an canza faifan haƙoran sarƙa.

Akwai halaye biyu da za su ba ki sha'awa a matsayinki na ɗaliba, domin dukansu misalai ne na dokar Newton ta uku. Na farko, idan babur yana tsaye aka murɗa totur, sai ya ɗan karkata gefe, saboda kiranshaf da filawil suna juyawa ta ɓangare ɗaya, gangar jikin kuma tana neman juyawa ta ɗaya ɓangaren. Na biyu, idan aka ba shi wuta yana tafiya, ƙaramin haƙorin da ke bakin farfela yana neman hawa babban, sai bayan babur ya ɗago, idan an saki totur kuma ya zauna. Wannan na biyun yana da haɗari ga wanda bai sani ba, domin idan ya tsorata ya saki totur a tsakiyar kwana, babur yana nutsawa ƙasa a daidai lokacin da murfin bawul yake kusa da kwalta. Kamfanin bai magance wannan sosai ba sai a 1987, da tsarin da ya kira Paralever, inda aka ƙara mahaɗi na biyu kusa da taya da wata sanda da ke riƙe gidan haƙoran kada ya juya.

Busasshen kulocin ma yana da fuska biyu. Ba ya zuba garinsa a cikin baƙin man inji, kuma yana daɗewa, amma ranar da ya ƙare sai an cire akwatin giya gaba ɗaya kafin a kai gare shi, kuma idan robar da ke tare mai a bayan kiranshaf ta fara yoyo, man yana iya isa faifan ya sa shi santsi. Giyar kuma an san ta da ƙara lokacin sauyawa, musamman a samfuran kafin 1981 masu filawil mai nauyi, don haka tana son ƙafa mai haƙuri.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan acaɓa ne, Bajaj Boxer nake hawa. Na ji ana kiran injin BMW ɗin nan da irin wannan suna, kuma na taɓa ganin wani babur na Rasha mai kwando a gefe da yake kama da shi. Duk dangi ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Tare da naka ran, Malam. Babur ɗinka na kamfanin Bajaj ne na Indiya, silinda ɗaya gare shi, sarƙa ce take jan sa, kuma suna kawai ya haɗa su, domin boxer ake kiran irin injin BMW ɗin. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne iska ce take sanyaya su duka biyu. Na Rasha kuwa dangi ne na jini. A 1941 Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera wa sojojinta babur M-72, wanda aka kwaikwayo daga BMW R71 na 1938, daga shi ne Ural na garin Irbit da Dnepr na birnin Kiev suka fito, daga baya kuma ƙasar Sin ta karɓi tsarin ta yi Chang Jiang 750. Sai dai reshensu ya rabu da na Jamus tun kafin injin 1969 da muke magana a kansa, don haka kada wani ya sayar maka da kayan ɗaya da sunan za su shiga ɗayan.

Tambaya: Ɗana, a shekarun 1980 muna ganin masu tseren Faris zuwa Dakar suna ratsa garinmu, kuma akwai manyan babura masu silinda a gefe a cikinsu. Su ne waɗannan da kake bayani? Kuma wanne ne a cikinsu ainihin na tafiya mai nisa? Daga wani dattijo a Agadas.

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba. Idonka bai ruɗe ka ba, injin ɗaya ne, ko da yake waɗanda ka gani an gyara su musamman domin tsere, da manyan tankuna da dogayen shokozoba. Tseren ya bi ta Nijar tun karonsa na farko a 1979, kuma a 1983 ya ratsa hamadar Tenere, shekarar da guguwar yashi ta ɓatar da mahalarta da dama na kwanaki. Hubert Auriol, Bafaranshen da aka haifa a Addis Ababa, ya ci tseren a kan BMW a 1981 da 1983, sai Gaston Rahier na Beljiyam ya ci a 1984 da 1985. Tushen baburansu shi ne R80G/S da ya fito a 1980, mai 797 cc da ƙarfin doki 50, wanda hannu ɗaya tak yake riƙe da tayarsa ta baya, farfela a cikinsa, yadda ake cire tayar da 'yan notuna kamar ta mota. A cikin yashi rashin sarƙa da rashin lagireton da zai fashe sun yi musu rana.

Amma gidan ya fara ne daga kwalta. A 1969 kamfanin ya mayar da ƙirar babura zuwa unguwar Spandau a Balin, ya fito da R50/5 da R60/5 da R75/5, da sabon inji gaba ɗaya. An mayar da kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, ƙarƙashin kiranshaf, abin da ya ɗaga silindodin sama kaɗan ya ba babur damar kwanciya a kwana, aka sa wutar batir mai bolt 12 da sitata, aka kuma sa gaba mai shokozoba irin wadda muka sani a yau. R75/5 yana da 745 cc da ƙarfin doki 50. Wata dabara da nake yaba musu ita ce, tafiyar fistin ba ta canza ba daga R50/5 har R100, milimita 70.6 ce, faɗin silinda kawai suke ƙarawa: milimita 82 a R75, 90 a R90, 94 a R100, wanda ya kai shi 980 cc. Wannan ya sa kayan gyara da yawa suke shiga tsakanin samfura na shekaru daban daban, kuma yana cikin dalilan da suka sa har yau ake samun su.

A 1973 aka samu giya biyar da birkin faifai a gaba, tare da R90S mai ƙarfin doki 67, wanda yake kai kilomita 200 a sa'a, kuma a kansa Reg Pridmore ya ci gasar manyan babura ta Amurka a 1976. A wannan shekarar ta 1976 aka fito da R100RS mai ƙarfin doki 70, wanda Hans Muth ya zana masa cikakkiyar garkuwar iska da aka ɗaure a gangar jiki, bayan an gwada ta a ɗakin gwajin iska. A 1978 R100RT ya biyo baya, da garkuwa mafi tsawo, da mariƙi mai tsayi da ke barin mahayi ya zauna a miƙe, da tanki mai lita 24 da gurbin akwatunan kaya. Shi ne ainihin na tafiya mai nisa a wurin kamfanin. Ni kuwa a ganina an yi wannan garkuwa ne domin sanyi da ruwan Turai, kuma a ƙasa mai zafi tana tare wa mahayi iskar da yake nema tana tara masa hucin inji a ƙafa. Wanda zai yi tafiya a Sahel ya fi dacewa da R80G/S, ko R100GS na 1987, ko kuma samfurin kwalta marar garkuwa.

Kamfanin da kansa ya taɓa yanke shawarar rabuwa da wannan inji. A 1983 ya fito da K100 mai silinda huɗu da ruwa ke sanyayawa, a 1984 ya dakatar da R100, amma masu saye suka ƙi haƙura har aka dawo da R100RS a 1986, da ƙarfin doki 60. Abin da ya kawo ƙarshensa shi ne dokokin hayaƙi da na ƙara da suka yi ta tsananta a Turai, waɗanda inji mai kafireta da bawul biyu a kowace silinda yake wahalar cikawa. A 1993 R1100RS ya zo da bawul huɗu da allurar fetur maimakon kafireta, da mai da ke taya iska sanyaya kan silinda, kuma na ƙarshe a tsohon gidan ya fita daga masana'anta a 1996.

Tambaya: Malam, ni makaniki ne. Wani mai gidana ya sayo R100RS na 1982 ɗan Kwatano ya kawo mini in yi masa sabis, kuma ban taɓa kwance irinsa ba. Me zan kiyaye kada in yi ɓarna? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, da farko ka kwantar da hankalinka, domin babura kaɗan ne suka kai wannan sauƙin aiki: fulogi da bawul da kafireta duk suna waje, a daidai gwiwarka idan ka zauna a kan benci. Amma akwai wurare kaɗan da sabon da aka yi da ƙananan babura yake jawo asara.

Ka fara da mai, domin gida huɗu ne ba ɗaya ba. Inji yana shan 20W-50, bai kai lita 3 ba, kuma ana auna shi ne da sandar awo a ɗore a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ciki ba. Akwatin giya yana shan man giya 80W-90, kusan lita 0.8, hannun farfela yana shan kaɗan daga irinsa, gidan haƙoran tayar baya ma haka, kowanne da nasa bakin zubawa. Idan man giya ya fito fari fari, ruwa ya shiga, galibi ta robar da ke bakin wayar mitar gudu, kuma ruwan nan yana cinye boris. Wuri mafi haɗari a sabis ɗin gaba ɗaya shi ne murfin matatar mai da ke gefen dama na inji. Akwai wani farin zoben roba a ƙarƙashinsa, wanda idan bai matsu daidai ba, ko ya tsage, mai yana komawa ƙasa maimakon ya bi ta kiranshaf, kuma inji yana iya bugawa ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa ba. Ka lura da jerin yadda ka tarar da kayan, ka sa sabon zobe, kuma bayan ka tada inji ka tabbata fitilar mai ta mutu nan take.

A ɓangaren wuta abu uku ne. Kada ka cire murfin gaban inji sai ka cire wayar batir, domin faifan diyod yana bayansa, kuma murfin yana iya taɓa shi ya ƙone shi. Na biyu, samfurin 1982 ba shi da kwantak, wutarsa ta lantarki ce tun daga 1981, don haka al'adar nan ta zare hular fulogi inji yana aiki domin a ga tartsatsi tana iya kashe na'urar wutar ko kwayil. Idan za ka gwada, ka tabbata fulogin yana manne da jikin inji. Na uku, altanetar ƙarama ce, wat 280, kuma ba ta cajin kirki a sulo, shi ya sa batir yake mutuwa a hannun mai yawon cikin gari. Ƙwan fitilar caji da ke kan mita yana cikin hanyar da ke tada altanetar, idan ya ƙone caji yana iya tsayawa, don haka ka duba ko yana kamawa idan an murɗa makulli.

Kafiretocin Bing ne guda biyu, kowace da fatar roba a samanta da ke ɗaga bututun cikinta. Idan fatar ta tsage, babur zai tashi ya yi sulo lafiya amma ya kasa gudu. Dole a daidaita su biyun su riƙa buɗewa tare, in ba haka ba silinda ɗaya tana jan ɗaya, jijjiga ta dawo, kuma kada a taɓa su sai an gama saita bawul da wuta. Idan mai shi ya yi ƙorafin hayaƙi daga salansar hagu da safe, ka tambaye shi ko a jak ɗin gefe yake kwanar da shi, domin idan babur ya karkata mai yana gangarawa cikin silindar hagu, ya ƙone a tashin farko ya wuce. Wannan ba dalilin kwance inji ba ne. Idan ma ta kai ga kwancewa, ka sani silindodin 1981 zuwa sama alminiyam ne da aka shafe cikinsu da wani ƙarfe mai tauri da ake kira Nikasil, ba a faɗaɗa raminsu a sa babban fistin yadda ake yi wa na da masu hannun riga na baƙin ƙarfe. Manyan notunan da ke ɗaure salansa a kan silinda kuma sukan kafe, idan aka tilasta su sai su tafi da zaren kan silindar, don haka gara a yanke notin a sayi sabo.

Akwai aiki ɗaya da ba a gani daga waje, kuma yawanci shi ne masu babur suke tsallakewa. Sandar da ke shiga akwatin giya tana da dogayen haƙora da faifan kuloci yake zamewa a kansu, kuma suna buƙatar ɗan giris mai ɗanko lokaci lokaci. Idan suka bushe, sauya giya zuwa ƙasa yana yin wuya, daga baya haƙoran su cinye, babur ya tsaya inji yana kuka taya ba ta juyawa. Sai an ja akwatin giya baya kafin a kai wurin, kuma a kan haƙoran sandar kaɗai ake shafawa, siriri, kada ya kai faifan. Haƙoran da ke haɗa tayar baya da gidanta su ma a shafa musu duk lokacin da aka cire taya.

Bawul kuwa da sifana da ma'aunin tazara ake saita shi, inji a sanyaye, milimita 0.10 a na shigar fetur, 0.20 a na hayaƙi. A nan ina so ka buɗe littafi ka riƙa rubutawa. An ƙera waɗannan injuna ne a zamanin fetur mai darma, wadda take kare mazaunin bawul, kuma wannan fetur ya ƙare a gidajen man duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayar da shi a 2021. Samfuran 1981 zuwa 1984 su ne aka fi sani da lalacewar bawul ɗin hayaƙi, inda yake nutsewa a mazauninsa a hankali yana cinye tazarar. Ka saita yau, ka rubuta, ka ce wa mai gidanka ya dawo bayan kilomita 3,000 ka sake aunawa. Idan tazarar tana nan, ka tsawaita lokacin dubawa. Idan ka tarar ta ragu sosai, kuma ta sake raguwa a awo na gaba, saiti ba zai ƙara yi masa magani ba, sai an cire kawunan silinda an sa sababbin bawuloli da mazaunai masu tauri kafin bawul ɗin ya tsinke ya faɗa kan fistin.